Tauraro Ɗaya da Na Ba Adda Habi

Da sunan Allah mai rahama nake fara wannan babi. Bilkisu da Saudatu, ƙannena, ku nake rubuta wa. Na san kun ji maganganu a bakin rijiya da hanyar Islamiyya. Na kuma san ranar da Saudatu ta shigo gida da jajayen idanu ta ce faɗuwa ta yi, ba faɗuwa ba ce, gori aka yi mata da ni. Na fi so ku ji daga wurina yadda abin ya faru, har da wuraren da ni ce mai laifi.

Shekarar da na gama sakandare a Karaye na dawo gida Jajaye zaman jiran sakamako, kun tuna Yaya Nasiru ya aiko mini da tsohuwar wayarsa daga Kano, wadda fuskarta ta tsage ta gefe ɗaya. Zaman ya yi mini tsawo. Ƙawayena sun watse, wasu an kai su ɗaki, wasu sun koma garuruwansu, ni kuwa daga wanke-wanke sai surfe sai ɗan koya wa yaran unguwa karatu da yamma, sai kallon katanga. A nan na faɗa wasan lido na waya. Lidon da kuka sani ne, sai dai ana yin sa mutum biyu a kan mutum biyu, kana jin muryar abokin wasanka kamar yana zaune a gefen tabarmarka. In an tashi wasa, kowa zai ba abokinsa taurari, daga ɗaya zuwa biyar, sai wayar ta haɗa su ta liƙa a jikin sunanka kowa yana gani. Makin amana ake ce masa. Mai taurari da yawa kowa na son wasa da shi, shi ake bari ya hau teburin manya inda ake gasa. Wanda nasa suka gaza uku, wasan da kansa yake rufe masa ƙofar teburin.

Mu 'yan Rogo da Karaye muna da zaure namu a waya, inda muke haɗa wasa muna hira. A nan aka ƙirƙiro abin da muke kira adashin taurari. Duk Juma'a bayan la'asar sai a fitar da mutum biyu, kowa ya yi ɗan gajeren wasa da su ya zuba musu biyar-biyar, ko sun iya ko ba su iya ba, ko ka san su ko ba ka san su ba. Mako mai zuwa a zuba wa wasu. Da yake ina da karatu kuma ba na rigima, ni aka ba riƙon jerin sunaye, ni ke faɗin wanda zai ɗauka. Ku riƙe wannan da kyau. Babu wanda ya fi ni sanin yadda ake samun taurarin nan, don ta hannuna suke bi.

Adda Habi ba ta cikin masu ɗauka, don ba ta taɓa samun zama ranar Juma'a ba. Bafillatana ce da ke wata ruga a gefen Kafin Dafga, ta girme ni da kusan shekara goma, tana kai fura da nono kasuwar Karaye. Ranar da wayar ta fara haɗa mu, na ji wata murya mai kauri tana lallashin ƙwayar lido kamar tana lallashin maraƙi, tana cewa ta taimaka ta ba ta siki, wato shida, ko don darajar iyayenta. Na yi dariya har Inna ta leƙo. Tun daga ranar muke wasa tare. Ta iya wasa fiye da kowa da na sani, ta san lokacin da za ta ci ɗan abokin gaba da lokacin da za ta ƙyale shi ta tsare mini hanya. Ruki am take ce mini, wato Rukina da yarensu, ni kuma ina ce mata Adda. Matsalarta ɗaya ce: sabis a rugarsu sai ta hau wani tudu, cajinta kuma na ɗan faifan hasken rana ne. Ana tsakiyar wasa sai ta ɓace, ko hadari ya taso, ko saniya ta shiga gonar mutane. In ta ɓace an cinye mu, wanda ya yi wasa da ita ya huce a kan taurarinta.

Akwai wata rana da hantsi da muke wasa, na ga layinta ya zo ba ta jefa ba. Na ce Adda ko sabis ne. Ta ce a'a, yau kwana arba'in da rasuwar 'yarta Dije, kuma tun safe babu wanda ya ambaci sunanta a rugar, kowa na gudun kada ya tayar mata da hankali. Sai na ce ta ba ni labarin Dije. Ta yi ta ba ni, yadda take tsoron zakara, yadda take kiran kowace saniya da suna ɗaya. Ni ma ban ƙara jefawa ba. Abokan karawarmu suka yi ta zagi suka gaji, wasan ya kore mu, ya yanke wa kowacenmu rabin tauraro saboda ɓata lokaci. Ba zan ɓoye muku ba, da na ga rabin tauraron nan ya tafi sai da raina ya sosu, na yi mako biyu ina neman mayar da shi.

Shugaban zaurenmu wani ne da ke kiran kansa Sarkin Fili. Babu wanda ya taɓa ganinsa. Muryarsa a natse take, ba ya shiga wasa sai ya yi sallama cikakkiya ya tambayi mutanen gida, in an yi rigima shi ke sasantawa da nasiha. Taurarinsa biyar cif, ba ko gezau. Sau uku ya roƙe ni a asirce in sa sunansa a adashi ba layinsa ba, ya ce shugaba bai kamata a ga makinsa ya motsa ba, sau uku kuma na sa. Ina jin daɗin yadda yake ce mini Malama Rukayya a gaban mutane.

Da damina ta yi nisa sai ya sanar za a yi gasar mata zalla. Ya ce amma maza na shiga da sunan mata, don haka duk mai so ta tura masa hotonta shi kaɗai, ba hijabi ba ɗankwali, don a tabbatar. Ya ce da ya duba zai goge, amana ce tsakaninsa da Allah. Ban kai ga turawa ba saƙon muryar Adda ya shigo, iska na kaɗawa a bayanta, alamar ta hau tudun nan ne musamman.

"Ruki am, mutumin da ba ki san ƙofar gidansu ba, me zai yi da gashin kanki? Ai muryarki ta ishe shi ya san ke mace ce. Kada ki tura."

Na mayar mata da amsar da har gobe nake jin kunyarta. Na ce Adda ba ki gane tsarin ba ne, mutumin nan taurarinsa biyar, duk jama'ar nan ba za su taru su yarda da mugu ba. Ni da na san ta inda biyar ɗin suka fito, ni na faɗi haka da bakina.

Da ta ga ban ji ba, sai ta faɗa a cikin zaure kowa na ji, ta ce 'yan mata su yi hankali. Sarkin Fili bai yi faɗa ba. Cewa ya yi Allah Ya shirye ta, amma kowa ya dubi makinta ya dubi nasa, sannan ya yi hukunci. Makinta a lokacin uku ne da ɗan ɗigo. Da yamma ya kira ni ya ce zaure ba zai zauna lafiya da mai ɓata suna a ciki ba, kuma ni ma wasa da ita na jan makina ƙasa, ga gasa na zuwa. Ya ce babu mai yarda ya yi wasa da ita yanzu sai ni. In yi wasa ɗaya da ita, in an tashi in ba ta tauraro ɗaya, shi ke nan wasan da kansa zai rufe mata ƙofa, ba sai an yi rigima ba.

Na yi. Washegari na kira ta wasa, ta zo da murnarta tana cewa ta ɗauka na yi fushi. Ranar sabis bai yanke ba ko sau ɗaya. Ta tsare mini hanya har na shigar da 'ya'yana huɗu gida, muka ci. Na ga biyar ɗinta sun shigo mini. Na daɗe ina kallon wayar, Inna na kirana in kwashe shanya, sannan na danna ɗaya. Wasan ba ya ɓoye wanda ya bayar. Da azahar aka cire ta daga zaure, da la'asar na shiga ɗaki na cire ɗankwali na ɗauki hoton na tura.

Ba a yi gasar ba. Mako uku bayan nan, ina tsakar gida da rana ina yanka kuɓewa ina shanyawa, saƙon Sarkin Fili ya shigo. Hotona ne, amma an haɗa shi da jikin wata, irin abin da ba zan iya rubuta muku ba. A ƙasa ya rubuta sunan Baba, da unguwarmu, da launin ƙofar gidanmu, duk abubuwan da na yi ta faɗa a hira ban san ana tarawa ba. Ya ce ranar kasuwar Karaye in zo ni kaɗai bayan tasha da azahar, in ban zo ba zai watsa shi a duk zaurukan Rogo, ya fara da na masallacin unguwarmu. Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Bilkisu, ke kika ɗauka kika miƙo mini kina tambaya ko na yanke, na ce miki jiri ne.

Na nemi mutanen zaure, waɗanda na yi watanni ina zuba musu taurari suna zuba mini. Wata ta ce ita ba ruwanta, ta toshe ni. Wani ya ce ba zai yiwu ba, Sarkin Fili mutumin kirki ne, in dubi makinsa. Sauran ba su amsa ba. Kafin magariba Sarkin Fili ya gaya musu wai ya kama ni ina maguɗi a adashi, duk wanda ya yi wasa da ni a makon bai riga ya ba ni tauraro ba ya koma ya ba ni ɗaya. Ina kallo makina yana zubewa. Abin da zai ba ku mamaki, a cikin wannan tashin hankali har kukan taurarin na yi. Kwana huɗu ban ci abin kirki ba.

Ranar kasuwa na ce wa Inna zan je duba sakamako. Na hau mota ban san abin da zan yi ba. Na san dai in na je bayan tasha ba zan dawo yadda na tafi ba, in kuma ban je ba Baba zai ji a bakin masallaci. Da na sauka sai ƙafafuna suka ƙi bin hanyar tasha. Na tuna Adda ta taɓa ce mini tana zama kusa da masu tukwane, kuma ƙwaryarta ta fashe ta ɗinke ta da shuɗin zare. Na yi ta zagaya layin masu nono ina duba ƙore, ban san fuskarta ba, ita ma ba ta san tawa ba. Sai na ji muryar nan mai kauri tana yi wa wani dattijo tsiya, wai ya sha na ɗanɗano ludayi uku, ko so yake ta bi shi gida da ƙwaryar. Siririya ce, ba kamar yadda na zana ta a raina ba. Na durƙusa a gabanta na yi sallama.

Ta dube ni, ta ajiye ludayi.

"Ruki am? Ke ce haka 'yar ƙarama?"

Na fashe da kuka a tsakiyar kasuwa. Ta jawo ni bayanta ta kare ni da jikinta daga idon mutane, ta dama fura ta ce sai na shanye kafin in yi magana. Na sha, na gaya mata komai, na miƙa mata wayar. Ta kalli hoton sau ɗaya ta kife ta a cinyarta. Na jira ta ce ai ta gaya mini. Ba ta faɗa ba, har yau kuma ba ta faɗa ba. Tambayata ta yi ƙarfe nawa ya ce, na ce azahar. Ta ɗaga kai ta dubi rana.

"Abin da yake riƙe ki da shi ɗaya ne, babanki bai sani ba. To tashi mu je ya sani."

Na ce Adda kashe ni zai yi. Ta ce ita ba ta san Baba ba, amma ta san uban da ya bar 'yarsa ta yi shekara shida a makaranta ba zai kashe ta a kan hoto ba, kuma in duka ne a fara da ita, bayanta ya saba da icen girki. Ta rufe ƙwaryarta da faifai ta bar wa maƙwabciyarta, nonon ko rabi ba ta sayar ba, ta kama wuyan hannuna kamar za a ƙetare rafi. Ba ta sake ni ba har Jajaye. Ana kiran azahar muna cikin mota, wayar ta yi ta ƙara a jakarta, ba ta bari na taɓa ba.

Mun sami Baba a zaure ya dawo daga gona yana gyara ƙotar fartanya. Kun san sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Adda ta durƙusa ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gona da damina da iyali, ta faɗi sunan mijinta da rugarsu, sannan ta ce 'yarsa na da magana, ita rakiya ta yi. Na faɗa, kaina a ƙasa. Ban rage komai ba, har adashin, har tauraro ɗayan da na ba matar da ke durƙushe a gefena. Ya karɓi wayar ya duba, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ina jin motsin Inna a bayan ƙyaure, sai ya ce:

"Kan naki ne, sauran ba naki ba ne?"

Na ce eh, Baba.

"Kin je inda ya ce?"

Na ce a'a.

Ya juya wurin Adda ya tambaye ta mene ne haɗinta da ni. Ta ce abokiyar wasanta ce. Ya ce ita ce wadda na sa aka kora? Ta ce ita ce. Ya girgiza kai, ya ce Allah Ya saka mata da alheri, Ya jiƙan magabatanta. Sannan ya miƙo mini wayar ya ce in rubuta wa mutumin cewa ubana ya gani, kada in ƙara ko harafi ɗaya. Na rubuta. Ya karɓe ta ya sa a aljihu, ya ɗauki hularsa ya tafi wurin mai unguwa da liman, daga nan suka kai maganar gaban hukuma. Da bakinsa ya gaya wa dattawan masallaci kafin kowa ya gaya musu.

Kada ku ɗauka abin ya wuce salin-alin. Mutumin ya saki hoton a zaure biyu kafin ya rufe layinsa ya ɓace, har yau ba a san ko wane ne ba, wataƙila na sha wuce shi a kasuwa. Wannan ne ke hana ni sakewa in na ji baƙuwar murya ta yi sallama a natse. Daga baya aka ji ba ni kaɗai ba ce, akwai wasu 'yan mata biyu, ɗaya ta je bayan tashar, kuma ba zan faɗi sunanta ba ko a gare ku. Ina tunaninta kullum, don ni na sa sunansa a adashi sau uku, da taurarin da na tara masa ya ruɗe ta kamar yadda ya ruɗe ni. Gidajen da nake koya wa 'ya'yansu karatu da yamma sun daina turo su. Baba bai dake ni ba, bai zage ni ba, amma tun ranar Rukayya yake ce mini. Ku kun lura, na ga kuna kallon juna duk sanda ya faɗa. Ban san ranar da zai koma ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Abu ɗaya ya yarje mini, shi ne zuwa kasuwar Karaye tare da Inna in za ta sayo kayan miya. Adda ta sa an zana mata lido a bayan kwali, 'ya'yan kuwa ƙwallayen dabino ne da tsakuwa. In kasuwa ta lafa sai mu baje shi a bayan ƙorenta mu yi zagaye ɗaya ko biyu. Har yanzu lallashin ƙwayar take yi, har yanzu cinye ni take yi.

Makon jiya na yi ƙarfin hali na ce mata na nemi a bar ni in canja tauraron nan tun kafin a karɓe wayar, wasan ya ce abin da aka bayar ba ya gyaruwa. Ta ce ta sani, yana nan a jikin sunanta, wani lokaci in ta hau tudu tana ganinsa, kuma ranar da ya shigo ta zauna a tudun har shanu suka dawo ba ta iya sauka ba. Ba ta sassauta mini wannan ba. Na ce to Adda me ya sa kika bar nononki kika bi ni. Ta girgiza ƙwayar a tafin hannunta ba ta jefa ba.

"Kin tuna ranar da aka yanke mana rabi-rabi?"

Na ce na tuna.

"Ranar mutum ɗaya ne a duniya ya tambaye ni labarin Dije. Shi na bi, ba mai tauraron ba."

Sai ta miƙo mini ƙwayar ta ce layina ne, in jefa kafin Inna ta gama ciniki.